TARIHIN SUNAN HERTZ: Mutumin da ke bayan "Hz" ɗin da ke jikin kwalin wayarka



Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu taɓa. Amma kafin ka ce bai shafe ka ba, ɗauko kan cazarka ka duba ƙananan rubutun da ke jikinsa. Za ka ga 50/60Hz. A kwalin waya za ka ga 90Hz ko 120Hz wajen bayanin sikirin, ka ga 2.0GHz wajen bayanin furosesa. In ka kamo Pride FM ta Gusau a rediyo, 103.5 ɗin nan MHz ne. Haruffan nan biyu, H da z, ba yaren kamfani ba ne. Sunan mutum ne, sunan wani gida a ƙasar Jamus: Hertz. Mu nan muna cewa "hats", megahats, gigahats.

Kuma da wannan kalmar ake yi wa mutane da yawa wayo a kasuwar waya. In ka san daga inda ta fito da abin da take aunawa, da wuya a sake sayar maka da lamba a madadin kaya. To mu fara daga tushe.

YADDA JAMUSAWA SUKA SAMI SUNAN GIDA

Kamar mu, da can Bajamushe suna ɗaya gare shi. Da birane suka fara cika, wajen shekara 800 zuwa 900 da suka wuce, sai ka tarar da Hans goma a unguwa ɗaya. Dole a bambanta su. Sai aka riƙa ƙara wa kowa wani abu: sana'arsa, ko garinsu, ko sunan ubansa, ko kamanninsa. A hankali ƙarin ya manne, 'ya'ya da jikoki suka gaje shi.

Shi ya sa manyan sunayen Jamus kusan duk sana'a ce. Müller mai niƙa ne. Schmidt maƙeri. Schneider tela. Weber masaƙi. Fischer masunci. Ka tuna Gidan Ɗan Hausa da ke Kano? Mai gidan, Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawar Kano a 1909, mutumin Basel ne ta ƙasar Suwizalan inda ake Jamusanci, kuma Vischer da Fischer suna ɗaya ne, rubutu ne ya bambanta. Wato da Hausa sunansa Hans Masunci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Muna da Audu Maƙeri, Garba Tela, Dogo, Jatau, Gajere. Da boko ta zo kuma, sai aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu: Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Aliyu Gusau. Har yau in ka duba rajistar makaranta za ka ga wane Tsafe, wane Bungudu, wane Kwatarkwashi. Bambancin kawai shi ne, su nasu ya daɗe da zama gado, mu namu yakan canza daga uba zuwa ɗa.

ME HERTZ KE NUFI?

Sunan yana da saiwa biyu.

Ta farko: Herz da Jamusanci na nufin zuciya. Laƙabi ne da ake yi wa mutum mai kirki ko mai ƙarfin hali, kamar mu ce wane mai zuciya ne. Wasu suna rubutawa Herz, wasu Hertz. Kada wannan ya ruɗe ka, ai Tsafe ma a tsofaffin takardun Turawa Chafe aka rubuta, garin dai ɗaya ne.

Ta biyu daga Yahudawan Jamus take. A yarensu na Yidish, Herts ko Hirsh dabba ce dangin barewa. Suna kiran duk mai suna Naftali da wannan laƙabin, saboda a littafinsu an kwatanta Naftali ɗan Annabi Yaƙubu da barewa. Kamar dai yadda kowane Abubakar Garba ne a wajenmu, kowane Usman Shehu. Da hukumomi suka tilasta wa Yahudawa ɗaukar sunan gida na dindindin, a daular Ostiriya a 1787, a Furushiya a 1812, da yawa suka tsaya a kan wannan laƙabin.

Gidan da muke magana a kai, ta wajen uba asalinsu Yahudawa ne na birnin Hamburg, amma sun koma Kiristanci tun mahaifin Heinrich yana yaro. Riƙe wannan a ranka, zai dawo gaba.

HAMBURG DA ƘASAR HAUSA

Kafin mu shiga labarin Hertz, akwai wani abin sha'awa. Hamburg ta haifi Heinrich biyu da suka shafe mu.

Na farko Heinrich Barth, matafiyin da ya kira kansa Abdulkarim. A 1853 ya taso daga Katsina, ya ratsa ƙasar Zamfara ta Zurmi, ya je ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Da zai koma gida a 1855 ya tafi da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram, kuma ya taka Hamburg da ƙafarsa, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka rubuta.

Ba a yi shekara biyu da zuwan Dorugu ba, ranar 22 ga Fabrairu 1857, aka haifi Heinrich na biyu a wannan birnin: Heinrich Rudolf Hertz. Barth ya yi watanni a kan raƙumi da doki kafin wasiƙarsa ta isa Turai. Yaron nan kuwa shi ne zai gano hanyar da saƙo zai yi wannan tafiyar kafin ƙiftawar ido.

HEINRICH HERTZ, 1857 ZUWA 1894

Mahaifinsa lauya ne, daga baya ya zama ɗan majalisar birnin. Yaron ya tashi da kaifin ƙwaƙwalwa, har Larabci ya koya tun yana saurayi. Kuma mai aikin hannu ne: yana sassaƙa, yana gyara ƙarfe, yana haɗa kayan gwajinsa da kansa. Ya fara karatun injiniya, sai ya juya zuwa kimiyyar fiziks, ya tafi Berlin wajen babban malami Hermann von Helmholtz, ya sami digirin dakta a 1880 yana ɗan shekara 23.

A lokacin akwai wata magana da ta raba kan masana. Wani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya yi lissafi wajen 1865 ya ce lantarki da maganaɗisu suna iya tafiya a sarari kamar igiyar ruwa, ba tare da waya ba, da gudun haske. Lissafi ne a takarda. Maxwell ya rasu a 1879 ba wanda ya nuna abin a zahiri.

A 1885 Hertz ya sami aikin koyarwa a Karlsruhe, kuma a nan ne tsakanin 1886 da 1888 ya yi gwajin da ya sa sunansa a wayarka. In ka taɓa ganin makaniki yana gwada fulogin babur, to ka ga rabin na'urar. Ya sami kwayil mai ɗaga wuta, ya haɗa da sandunan ƙarfe biyu da ɗan tsaga a tsakaninsu, tartsatsi yana tsallakawa. Can gefe guda na ɗakin ya ajiye zoben waya kawai, shi ma da 'yar tsaga, ba batir, ba abin da ya haɗa shi da na farko. Ya rufe ɗaki ya yi duhu. Duk sanda tartsatsi ya tashi a na farko, sai wani ɗan ƙanƙanen tartsatsi ya bayyana a zoben.

Ka tsaya ka yi tunani. Wannan shi ne turken sabis na farko, zoben kuma shi ne wayar hannu ta farko, ko da yake ba ta cewa komai sai ƙyas.

Bai tsaya nan ba. Ya kafa faifan ƙarfe a bango ya ga igiyar tana dawowa kamar haske a madubi. Ya bi ɗakin da zobensa yana auna inda tartsatsi ke ƙarfi da inda yake mutuwa, da haka ya gano tsawon igiyar, ya tabbatar gudunta irin na haske ne. Maxwell ya yi gaskiya. A 1887 kuma ya lura cewa wani nau'in haske in ya sauka kan ƙarfen, tartsatsin yana saurin tashi. Ya rubuta abin da ya gani ya wuce. Bayanin wannan ne Albert Einstein ya yi a 1905, kuma a kansa aka ba shi kyautar Nobel.

Hertz bai nemi yin rediyo ba, bai buɗe kamfani ba. Tambaya ce ta kimiyya yake son amsawa. Ya koma Jami'ar Bonn a 1889, ciwo ya kama shi, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1894 yana da shekara 36. Ya bar matarsa Elisabeth da 'ya'ya mata biyu, Johanna da Mathilde. Shekara ɗaya bayan haka wani saurayi ɗan Italiya, Guglielmo Marconi, ya fara aika saƙo da wannan igiyar, a 1901 kuma ya tsallakar da ita tekun Atilantika. Wani ya shuka, wani ya girbe.

YADDA SUNAN YA ZAMA MA'AUNI, DA YADDA AKA SO GOGE SHI

In akwai tsohuwar rediyon kaka a gidanku, duba fuskarta. Wataƙila ba za ka ga kHz da MHz ba, sai kc da Mc. Da can haka ake rubutawa, ma'ana zagaye nawa a daƙiƙa. Daga baya masana suka sa wa ma'aunin sunan Hertz, a 1960 kuma aka shigar da shi tsarin ma'aunai na duniya. Shi ya sa H ɗin babban baƙi ne, don sunan mutum ne. Haka V na Volta ɗan Italiya, A na Ampère ɗan Faransa da ke cikin mAh na batirinka, W na Watt, da om ɗin da muke aunawa da mita a teburin gyara, na wani Bajamushe Georg Ohm.

Amma a ƙasarsa sunan ya sha wuya. Da Hitler ya hau mulki a 1933, 'yan Nazi ba su duba addinin mutum ko aikinsa, jinin kakanni suke bi. Mutumin da ya shekara kusan 40 a kabari, aka cire hotonsa daga zauren majalisar Hamburg, aka canza sunayen titunan da ke ɗauke da sunansa. Har an yi yunƙurin a ce Hz ɗin Helmholtz yake nufi, wato malaminsa. 'Yarsa Mathilde, masaniyar halayyar dabbobi da ta yi bincike kan yadda hankaki da ƙudan zuma ke gani, aka hana ta koyarwa. Ita da mahaifiyarta da 'yar uwarta suka ƙare a Ingila, ta rasu a Cambridge a 1975.

Mulkin Nazi shekara 12 ya yi ya rushe. Yau doguwar hasumiyar talabijin ta Hamburg sunan Heinrich Hertz take ɗauke da shi, kuma kusan duk cazar da ke duniya tana ɗauke da haruffansa biyu.

SAURAN MASU SUNAN

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ga gidan da sunansu ma barewa yake nufi a wata fassarar.

Gustav Hertz, ɗan ƙanin Heinrich, an haife shi a Hamburg a 1887. Shi da James Franck suka yi wani gwaji a 1914 da ya nuna cewa ƙwayar zarra ba ta karɓar ƙarfi sai a ƙayyadadden mataki, kamar matakalar bene. Suka sami kyautar Nobel ta 1925. Shi ma dokokin Nazi suka raba shi da kujerarsa ta jami'a, ya koma ɗakin binciken kamfanin Siemens, wanda manyanmu suka riƙe wayoyinsa farkon zuwan GSM. Bayan yaƙi a 1945 ya tafi Tarayyar Sobiyat ya yi aiki a shirinsu na nukiliya, ya dawo Jamus ta Gabas a 1954, ya rasu a 1975.

Carl Hellmuth Hertz, ɗan Gustav, an haife shi a 1920. An kama shi fursunan yaƙi a Arewacin Afirka, bayan yaƙi ya zauna a Lund ta ƙasar Suwidin. A 1953 shi da wani likita, Inge Edler, suka aro na'urar da ake duba tsagewar ƙarfe da ita a masana'antar jiragen ruwa, suka ɗora a ƙirjin mutum, suka ga motsin zuciya. Daga nan aka sami hoton zuciya na sauti da ake yi a asibiti yau. Ka ga ikon Allah: sunan gidansu zuciya, shi kuma ya buɗe hanyar ganin zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Sikanin ɗin masu juna biyu ma a kan wannan hikimar yake, ko da yake wasu likitoci ne suka kai ta can. Yana kuma cikin waɗanda suka fara aikin firinta mai fesa tawada.

Akwai wani Hertz da ba danginsu ba ne. John Hertz, an haife shi a 1879 a yankin da yau yake ƙasar Sulobakiya, aka kai shi Chicago ta Amurka yana yaro. Ya kafa kamfanin tasi na Yellow Cab a 1915, a 1923 ya sayi wani kamfanin hayar mota wanda har yau ake kira Hertz. In ka ga sunan da launin rawaya a filin jirgi, na mai tasi ne, ba na mai tartsatsi ba. Ba duk Gusau ne ɗan gida ɗaya ba.

TO, MU A GUSAU, TSAFE DA BUNGUDU, INA RUWANMU?

Hats ɗaya na nufin abu ya faru sau ɗaya a daƙiƙa. Shi ke nan. Zuciyarka tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wato hats ɗaya da 'yan kai. Kilo dubu ne, mega miliyan, giga biliyan. Abin da ya kamata ka tambaya kullum shi ne: mene ne yake maimaituwa?

A caza, wutar lantarki ce. Tamu a Najeriya 50Hz ce, ta Amurka 60Hz kuma ƙarfinta kusan rabin tamu. In caza ta ce 100-240V, 50/60Hz, za ta yi aiki ko'ina. In kaya ya ce 120V kawai, kada ka soka shi a soket ɗinmu.

A sikirin, sau nawa hoto ke sabuntawa ne. 120Hz ya fi 60Hz santsi a ido, amma ya fi shan batir. In gilashinka ya fashe za a canza, tambayi mai gyara tun kafin ya buɗe: wanda za a sa min zai ba da 120 ɗin? Gilashi mai araha da yawa a 60 yake tsayawa. Ba laifi ba ne ka zaɓi mai araha, laifin shi ne a karɓi kuɗin wancan a sa maka wannan.

A furosesa, saurin bugun agogonsa ne. Amma kada mai shago ya ruɗe ka da lamba. Sabon furosesa mai 2.0GHz yana iya tsere wa tsoho mai 2.3GHz, don aikin da kowane bugu ke yi ba ɗaya ba ne.

A sabis kuwa, nan ne gadon Heinrich yake kai tsaye. Masu sauraron BBC da DW a gajeren zango sun saba jin "mita 25" ko "mita 19". Tsawon igiya ke nan. Igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka in hats ya yi yawa, igiyar sai ta gajarce. Mita 25 kusan 12MHz ne. 900MHz kusan santimita 33 ne. 2600MHz bai kai santimita 12 ba. Doguwar igiya ta fi nisa, ta fi ratsa bango da bishiyoyi. Gajeriya ta fi ɗaukar data amma ba ta nisa.

Tun da GSM ta fara aiki a Najeriya a Agustan 2001, kira yana tafiya ne a 900 da 1800MHz. 3G tana kan 2100. 4G galibi tana kan 700, 800, 1800 da 2600, ya danganta da kamfani. Shi ya sa waya za ta yi gudu a tsakiyar Gusau, amma ka nufi ƙauyukan Tsafe ko bayan dutsen Kwatarkwashi ta koma E. Sau da yawa mutum zai zo shago yana cewa, "Malam, mi yas sa wagga waya ba ta kama 4G, ga ta da tsada?" A buɗe a ga lafiyarta lau. Matsalar ita ce an ƙera ta don wata ƙasa, ba ta jin zangon da turken garinsu ke magana da shi. Wannan ba ya gyaruwa da kayan aiki. Don haka kafin ka sayi waya ta hannu daga waje, nemi lambar samfurinta ka bincika ko tana da zango na 3, 7, 20 da 28. In a karkara kake zaune, 20 da 28 sun fi muhimmanci, su ne 800 da 700. Mafi sauƙi, sa layinka a ciki ka kunna data kafin ka biya.

5G da aka yi ta tsoro a 2020, wadda hukumar NCC ta yi gwanjonta a Disambar 2021, tana kan 3.5GHz. Wayfay ɗin da muke kunnawa kullum yana kan 2.4 da 5GHz. Wato tana tsakiyar abin da ka riga ka saba zama da shi.

Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan darajar wannan igiya ba. A farkon Satumbar 2021 aka kashe sabis a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Mutanen Tsafe suka riƙa nufar Funtuwa don kira ɗaya, da can ma aka rufe sai Zariya. Na Bungudu wasu suka nufi hanyar Sakkwato. Masu POS suka nade, kuɗin da ɗa zai turo daga Legas ya maƙale, wayar dubu ɗari ta koma tocila da kalkuleta. Gusau ta samu a watan Oktoba, sauran wurare sai daga baya. Wayoyin ba su lalace ba. Abin da aka ɗauke shi ne wancan tartsatsin na ɗaya gefen ɗakin, sai zoben ya zauna shiru.

Gobe in ka je sayen waya aka ce maka "ai wannan hats ɗinta ya fi yawa", ka tambaya: hats na me? Na sikirin, na furosesa, ko na sabis? Wanda ya san kayansa zai amsa maka nan take.

A darasi na gaba insha Allahu za mu nuna yadda za ka duba zangon da wayarka ke kamawa, da yadda ake rage sikirin daga 120 zuwa 60 don batir ya kai ka dare. Ku tura wa 'yan uwa masu shirin sayen waya. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.